Ɗan Tsako na Biyar

3 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da yayyena duka huɗu. Yaya idon? Yaya Babba ya ce min yanar ta fara taɓa na hagun ma, kuma wai ka ƙi zuwa asibiti, ka ce ba za ka ba da idonka ga mutumin da ba a iya karanta rubutunsa ba. Kawu, don Allah ka je. Ni lafiya lau, sai ciwon wuya na zama gaban kwamfuta.

Na san in na kira waya za ka ce "to, to, Allah ya yi albarka" ka miƙa wa Inna, shi ya sa na bi ƙa'idarka na rubuto, na ba direban motar safe.

Ga maganar. Ƙungiyar masu zane ta ƙasa ta yi ƙidaya, tana so a san mu nawa ne, ina muke, yaya muke aiki. Za a fitar da babban littafi, kuma kamfaninmu aka ba aikin tsara shi. Manaja ya ɗora min shafukan ƙarshe, inda za a jera tsofaffin zane-zanen da kowa ya buɗe ido ya gani a gidansu, kwalin ashana, gwangwanin madara, irin waɗannan. Ina buɗe hotunan da aka aiko, sai ga kazarka. Kazar takardar sabulu, da 'ya'yanta a bayanta. Ka san abin da aka rubuta a ƙarƙashinta? "Ba a san wanda ya zana ba."

Wallahi sai da na tashi na fita waje. Ni da na yi wayo a ƙarƙashin teburin da aka zana ta, a ce min ba a sani ba! Na je wurin sakatariyar ƙungiya na ce kawuna ne, yana raye, yana nan a shagonsa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce kullum sai wani ya zo ya ce kakansa ne ya zana kwalin ashana. Baki ba hujja ba ne, in ji ta. In akwai zanen asali, na hannu, a kawo su gani, sai a sa suna.

Na san yana nan. Yana ƙasan akwatin ƙarfe, cikin ledar da ka hana mu taɓawa, wadda Yaya Babba ya sha rankwashi a kanta. Ka aiko min da shi, Kawu. Shekara ashirin da shida mutane suna wanka da aikinka, ko sunanka ba su sani ba. Wannan karon zan tsaya sai an rubuta.

Na haɗo da fom ɗin ƙidayar, ka cike, a lissafa da kai.

Taka,
'Yar Tawada

11 ga Fabrairu

'Yar Tawada,

Takardarki ta iso ranar Talata, mun gode Allah da jin lafiyarki. Mu ma muna nan ƙalau. Inna ta ce a gaya miki ki daina cin abinci a tsaye, wai ta ga hoton da kika turo wa yayarki, kin rame. Ido kuwa ga shi nan, kamar mai leƙen titi ta bayan labule. Hannu bai manta komai ba, shi ya sa kike ganin rubutuna manya-manya irin na allon shago, amma karatu sai Tela maƙwabcina ya taimaka. Shi ya karanta min taki, kuma kin san muryarsa, har mai gyaran rediyo na tsallaken titi ya ji.

"Ba a san wanda ya zana ba." Na yi dariya har na yi tari. To ina za su sani? Tunda ƙidaya kuke yi, ƙidaya min hannuwa. Masu sabulu suka ba wani kamfanin talla kwangila. Kamfanin talla ya miƙa wa mai maɗaba'a. Mai maɗaba'a ya hau babur ya zo shagona ya ce a zana masa kaza kafin Alhamis, kada kuma in kuskura in sa hannu a jiki, wai masu kaya ba sa son sunan kowa kusa da nasu. Haka ake yi a lokacin, ina jin har gobe ba a canza ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka sallame ni rana ɗaya, ita kuwa kaza ta kama hanya ta shiga kowane gida.

Kwalin da na yi zanen a kai ma, ba don na yi naci ba da tuni ya tafi. Masu ɗab'i in sun gama ɗaukar zane sai su jefa kwalin a lungu, ɓeraye su ƙarasa. Sau uku ina zuwa. A na ukun na tarar da shi kan tebur an ɗora masa kofin shayi, na zare abina na fita ban yi sallama ba. Za ki ga da'irar kofin a kusurwar dama. Kada wani mai tsafta ya ce datti ne ya goge, shaida ce.

Fom ɗinku mun cike, ni da Tela. "Ma'aikata nawa gare ka?" Ɗaya, shi ne manaja, shi ne mai shara. "Wace manhaja kake aiki da ita?" Tela ya ce ana nufin abin da ke cikin kwamfuta, na ce ya rubuta hannun dama. Wurin lambar rajista mun bar shi fili, domin ni lambar da na sani ita ce ta ƙofar shago. An kuma tambayi manyan abokan ciniki. Na so in rubuta mai wankin hula da masu motocin yashi, tunda yanzu kowa ya koma wurin masu buga allo da inji, amma Tela ya ce zan ba ki kunya.

Na naɗe kwalin tsakanin katako biyu, na gaya wa direba ya ajiye shi a gaba, kusa da shi, kada ruwa ko mai ya taɓa. Ki riƙe. Kazar nan dama taki ce, kin fi kowa haƙƙi a kanta, ki yi yadda kika ga ya dace da ita.

Ban taɓa bin suna ba, amma ba zan yi miki ƙarya ba, ina so. Shekara arba'in ina rubuta sunayen mutane a saman ƙofofinsu. Ina so in ga nawa sau ɗaya, da haruffan da ba ni na ja su ba, tun ido na iya gani.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

20 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. A gaya mata a zaune nake ci, har da ƙari. Na ji daɗi da Yaya Babba ya ce ka yarda za ka ga likita a watan gobe, saura kada ka canza shawara a bakin ƙofa.

Kaza ta iso lafiya, ko lanƙwasa babu. Direban ya miƙo min ita da hannu biyu, ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da aka ja masa kunne a kansa haka ba. Da na kwance katakon a ofis, kowa ya bar kujerarsa. Abokan aikina da ba su taɓa riƙe buroshi ba suna ta tambaya wai da gaske hannu ne ya ja layukan gashin nan. Na ce hannun kawuna ne, a shagon da ko fanka babu. Na ɗan yi kuka a banɗaki, ba wanda ya gani.

Manaja da kansa ya fito. Mutum ne da ba ya yabon komai, ko ruwa ka ba shi sai ya ce kofin ya karkace. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan kazar ba za ta sake komawa cikin akwati ba." Ya tambayi shekarunka, ya tambaya ko kana da lauya. Na ce me kawuna zai yi da lauya, muka yi dariya.

Gobe zan kai wa sakatariya kwalin da fom ɗinka. Ka yi haƙuri in ka ji ni shiru kwana biyu. Masu sabulun nan naka sun kira kamfanoni goma sha ɗaya, har da namu, kowa ya kawo sabon fasalin takardar sabulun, su zaɓi ɗaya. Ba sa biyan kowa kafin zaɓe, goma za su yi aikin wata biyu a banza ke nan. Haka ake yi yanzu, in ka ƙi akwai ɗari a bayanka suna jira. Duk ofis an tattara a kan wannan.

Taka,
'Yar Tawada

2 ga Mayu

'Yar Tawada,

Lafiya dai? Wannan ce takarda ta biyu da na aiko ba amsa. Direba ya rantse ya ba ki ta farkon hannu da hannu. Yayanki ya kira ki sau uku, kin ce kina taro. Inna ta ce ciwo kike ɓoyewa, ni na ce aiki ne, muka yi ta musu har ta daina min magana rabin yini. Kwana biyun da kika ce sun haifi wata biyu da 'yan kai.

Mu muna lafiya. Na ga likitan naku. Ya haska min fitila, ya ce za a yi aiki a na dama bayan wata guda, na hagu kuma ya ce a bari a gani. In likita ya ce a bari a gani, ke ma kin san abin da ya gani.

Yanzu ga halin da kika jefa ni. Tun ranar da Tela ya karanta maganar Manajanku, cewa kaza ba za ta koma akwati ba, ya yanke hukunci cewa a babban zauren ƙungiya za a rataye ta, da sunana a kan farantin tagulla. Bai bar kowa a titin nan bai gaya masa ba. Mai shayi ya daina kirana da sunana, sai Mai Littafi. Kafinta ya zo ya tambayi girman shafi, na ce ban sani ba, ya ƙiyasta ya haɗa min firam da gilashi, ya ƙi karɓar komai. Yana nan rataye a saman tebur, fayau. Mai gyaran rediyo kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, hoton iska ka rataya?" Ina dariya, amma dariyar ta fara yi min nauyi.

Ba gaggawa nake miki ba. Ki gaya min kawai an karɓa ko ba a karɓa ba, kuma a shafi na nawa. In an riga an buga, ki aiko min kafin a taɓa idon nan, domin ban san da wanne zan fito ba. Kwalin kuma, in sun gama kallo, ki mayar da shi tsakanin katakon, damina ta kusa.

Ki rubuto ko layi biyu ne, don Inna ta samu ta ci abinci.

Kawunki

19 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, da Inna, Allah ya sa a yi aikin idon a sa'a. Ba ni da ciwon komai. Kunya ce ta hana ni rubutu, sau huɗu ina farawa ina yagawa. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke min hukunci, in zai yiwu kuma kada Tela ya ɗaga murya.

Na kai wa sakatariya kwalin. Ta juya shi gaba da baya ta ce na asali ne, ba shakka, amma ina sa hannu? Na ce an hana ku sawa a lokacin. Ta ce ta sani, amma riƙe kwali bai nuna wanda ya zana ba, kowa na iya tsintarsa a shara. Fom ɗinka ma ta dawo min da shi, wai ba lambar rajista, kuma ƙungiya ba ta sa sunan wanda ba ya cikin ƙidayarta. Na ce to me aka ƙidaya ke nan? Ta ce masu rajista, dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Ita da bakinta ta ce irinku sun ninka haka, amma ba ta da layin da za ta zuba ku. A cikin masu rajistar ma, tara cikin goma mutum ɗaya ne da teburinsa, manyan kwangiloli kuwa kamfanoni shida ne ke raba su, namu na cikinsu.

Na koma ofis ina kuka, Manaja ya kira ni. Ya ce akwai hanya. Mu shiga gasar masu sabulu da kazarka, ni in sake zana ta a kwamfuta, mu haɗa da kwalin don su ga tushen yana hannunmu. In mun ci, su masu sabulun ne za su shaida, ƙungiya ba ta isa ta musa ba, sai a sa sunanka. Lauyan kamfani ya tambaya ko mai kwalin ya yarda. Kawu, na ciro takardarka na nuna musu inda ka ce kazar tawa ce, in yi yadda na ga ya dace. Suka ɗauki hoton layin suka sa a fayil.

Mun ci gasar. Bayan nan ne na karanta sharuɗɗanta da kyau. Duk abin da aka miƙa wa masu sabulu ya zama nasu, ko an ci ko an faɗi, har ambulan ɗin da aka sako shi. Manaja ya san wannan tun farko. Na je ofishinsu sau biyar, ban wuce mai gadi ba sai sau ɗaya, wata mata ta ce kwalin yana ma'ajiyarsu, ba a fitar da kayan kamfani. Da na tuna wa Manaja alkawarin suna, ya ce masu sabulu ba sa son a ta da tsohon zance, kada wani ya zo yana neman haƙƙi, a bar kaza cikin gashinta. Na ce zan bar aikin. Ya tuna min takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni, cewa duk abin da na zana na kamfani ne, ya kuma nuna min ƙofa da hannu. Ban fita ba, Kawu. Na ji tsoro, kai ka san yadda na sha wuya kafin in samu kujerar nan.

Ga littafin na aiko, na haɗo da fom ɗinka. Shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu. Sun cire tsohuwar kazar sun sa sabuwa, da sunan kamfaninmu. A ƙasa, da ƙananan haruffa, sun sa nawa. Na yi faɗa kafin su yarda da wannan ma. Na ce a raina, kai ka raine ni, kai ka fara ba ni buroshi, sunana a wurin ai kamar naka ne.

Ban ɓata maka aiki ba, ka ba Tela ya duba. Gashin nan duka na bi su ɗaya-ɗaya yadda ka ja su. Abu ɗaya kawai na gyara. Ɗan tsakon nan na ƙarshe, mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi sauran ƙanƙanta, na cire shi. Manaja ya ce huɗu sun fi daidaita a ido, ni kuma na tuna ina ƙarama na tambaye ka me ya sa ya bambanta, ka ce tawada ce ta ɗiga maka, ba lokacin sake zane. Na ce bari in share maka kuskuren da ya daɗe yana damunka.

Ka yafe min. Zan ci gaba da bin kwalin.

Taka,
'Yar Tawada

30 ga Yuni

Ɗiyata,

Takardarki da littafi sun iso tun watan jiya. Muna lafiya. An yi aikin ido, na dama yana ganin mutum da mota, har da manyan haruffa, amma likita ya ce in manta da siririn layi. Na hagu ya tafi. Ina gaya miki ne don kada ki ce in sake zana wata, yayanki ya riga ya faɗa, bai ji da daɗi ba.

Kin ce kada Tela ya ɗaga murya. Bai ɗaga ba. Ya fara da ƙarfi yadda ya saba, mutum uku na tsaye a bakin shago, da ya kai tsakiya sai muryar ta yi ta sauka har na ce masa ya matso. Shekara talatin muna maƙwabtaka ban taɓa jin ya yi raɗa ba sai ranar. Titi ya ji duk da haka. Ba wanda ya ƙara ce min Mai Littafi, mai gyaran rediyo ma ya daina leƙowa, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Firam ɗin kafinta ban bar shi fayau ba, na sa fom ɗin da suka dawo da shi, ya shiga daidai kamar don shi aka auna.

Manajanku ba ni da magana a kansa. Na san irinsa tun yana hawa babur, yanzu dai ya samu lauya da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙungiyarku ma ta yi aikinta, ta ƙidaya masu takarda ta ce su ne masu zane. Ni da kafinta da duk wanda ya koya a gindin wani ba mu cikin ƙasar, to Allah ya ba su alheri. Tsoron rasa aiki da kika ji ban ga laifinki ba, na san zafin nema. Kada ki ƙara zuwa wurin mai gadi yana wulaƙanta ki saboda kwali. Wanda ya ci kaza ba ya mayar da ita don an yi sallama.

Abin da ya ƙona ni shi ne layin nan nawa da ke cikin fayil ɗin lauya. A gidanmu kika tashi. Sau nawa kika ji Inna ta ce wa baƙo gida naka ne? Kin taɓa ganin ya tafi da ƙofa? Magana ce tsakanina da ke, kika ɗauka kika kai wa mutumin da aikinsa shi ne neman irinta. Sunanki kuma da kika ce kamar nawa ne, na sa Tela ya karanta min sau biyu. Sunanki ne da na mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Suna ne mai kyau, ina alfahari da shi, amma ni ba na ciki, kada mu yaudari juna.

Saura ɗan tsako. A nan rabin laifin nawa ne, dole in faɗa.

Tawada ba ta taɓa ɗiga min a kan aikin mutane ba, ko sau ɗaya, ki tambayi duk wanda ya san ni. Ranar Litinin mai maɗaba'a ya kawo aikin. Na zana kaza da 'ya'ya huɗu, don huɗu gare ni a lokacin. Ranar Talata aka aiko cewa mahaifiyarki, ƙanwata, ta rasu, wata shida bayan mahaifinki. Ranar Laraba na dawo da ke a kafaɗa, kina da shekara biyu, kina riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Inna ta karɓe ki ta goya, ba ta tambaye ni komai ba. Da na koma shago na zauna gaban kwalin, sai na tuna yadda mahaifiyarmu ke sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai. In ya fashe, kaza ba ta duba zanen jikinsa, tana ja da shi duk inda ta ja da nata. Na ɗauki buroshi mafi siriri na ƙara na biyar, na yi masa ɗigon nan da gangan, guda goma sha tara, ina ƙirgawa. Mai maɗaba'a ya ce in cire, na ce to ya kai aikinsa wani wuri. Alhamis ta riga ta zo, dole ya karɓa.

An hana ni sa hannu, to sa hannuna ke nan. Dalilin da ya sa na yi zuwa uku neman kwalin ke nan, dalilin da ya sa na ce kin fi kowa haƙƙi a kanta ke nan.

Da kika tambaye ni kina shekara shida, kin dawo daga makaranta ne kina kuka, wata yarinya ta ce miki ba gidanku ba ne. Kika ɗauki takardar sabulu kika ce me ya sa wannan ya fita daban. In ce miki ke ce? Na ce tawada ce ta ɗiga. Na yi miki ƙarya don kada ki ga kanki daban, na bar ki da ita shekara ashirin da biyu, ina cewa wata rana zan faɗa. Ga shi na faɗa bayan kin share.

Na yafe miki kwalin. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba, kuma ban san ranar da zai huce ba, amma ɗakinki yana nan, ba wanda ya taɓa kayanki.

Inna ce ban san yadda zan yi da ita ba. Ban bari an karanta mata takardarki ba. Ita ba ta san ƙungiya ba, ba ta san gasa ba, amma ta san wane ne na biyar tun ranar da aka zana shi, duk sabulun da ta saya kuma sai ta yaga takardar ta gefen da ba zai taɓa shi ba. Shekaranjiya sabon ya shigo kantin bakin titi. Ta sayo, ta zauna a bakin rariya da bokiti, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Ta shigo ta same ni da takardar a hannu ta ce, "Malam, huɗu ne. Ina suka kai min yarinya?"

Har yanzu sabulun na kan taga, ta ƙi wanki da shi. Ki rubuto mata da kanki.

Kawunki